Ruwan Mada'in a Zamzamiyar Kaka

Ranar Alhamis ce ta tsakiyar watan Sha'aban, a hunturun 1997, ina da shekara tara, muka tsaya a bakin ƙofar waya ta Mada'in Salihu. Tun bayan sallar asuba muka bar Madina a doguwar motar Kawu Usman, ƙanin mahaifiyata, muka yi sama da awa huɗu muna ratsa duwatsu har ƙafafuna suka yi tsami. Kawu ya fita da takardar izini ya nufi mai gadi, Baba kuwa ya juyo daga kujerar gaba ya dube mu, ni da ƙanena Bilal. Ya ce mu buɗe kunne da kyau: nan garin Samudawa ne, mutanen da suka soke taguwar Annabi Salihu aka halaka su, kuma ba a shiga irin wannan wuri da dariya ko guje-guje. "Da kuka ake shiga," in ji shi. "Wanda kukan bai zo masa ba, ya yi kamar yana yi." Bilal ya dube ni, na dube shi, dariya ta taso mini har maƙoshi. Kaka ce ta mintsine ni a cinya, ta rataya mini zamzamiyarta a wuya ta ce in riƙe mata, ko na sami abin yi ban da washe haƙora.

Kaka mahaifiyar Baba ce. "Uwata" take ce mini, domin sunan mahaifiyarta aka sa mini, ita kuwa ko za a yanka ta ba za ta furta wannan suna ba. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram, da ƙafa, suna tafe suna tsayawa ƙwadagon noma, sai bayan shekara bakwai suka ga Makka. Mahaifiyar tata ba ta iso ba, a Sudan aka binne ta. Mu kuwa a unguwar Aziziyya ta Madina muka tashi, bayan an rushe tsohuwar unguwarmu ta kusa da Harami. Gidan bulo ne mai ƙaramin tsakar gida, da tantabarun Baba a kan soro, da turmin Kaka a jingine a lungu. Duk lokacin da aka sami gero sai ta yi fura, maƙwabtanmu Larabawa suna jin daka su san an sami gero a gidan Hajja. Aikina shi ne sharar tsakar gida kafin in sa rigar makaranta, da tsince shinkafa, da zuba wa tantabaru ruwa. In na gama sai mu zana birbir da gawayi a bakin ƙofa mu yi ta tsalle da 'yan matan layi, ko Kaka ta tara mana ƙwallayen dabino ta koya mana carafke, tana cinye mu tana yi mana gori.

Amma babban aikina zamzamiyar nan ce, 'yar gorar ƙarfe mai riga koriya da igiyar ratayawa. Duk Juma'a Baba yakan kawo wa Kaka zamzam, ni ke wanke gorar in cika mata, ni ke miƙa mata in ta tambaya. Ba ta karɓa daga hannun kowa in ina nan. Tana yi mini Hausa ina mayar mata da Larabci, kamar duk yaran gidanmu, in kuwa na kuskura na yi Hausar sai na karya ta. Kaka ba ta taɓa barin kalma ta wuce ta a karkace ba. Ko tana tsakiyar lazimi, in na yi kuskure sai in ji gyaran murya, tana shafawa ta juyo ta gyara mini. Abin yakan ba ni haushi ƙwarai, har nakan ce mata ai ba Hausa ake jarrabawa a makaranta ba.

Tafiyar nan shawarar Kawu ce, shi da yake koyar da tarihi a makarantar yara maza. Baba tela ne, mai zuwa karatu Harami tsakanin magariba da lisha, kuma sai da aka yi mako biyu ana lallashinsa kafin ya yarda, a kan cewa wa'azi za mu je ɗauka, ba yawo ba. Kaka ma cewa ta yi kufai ba wurin zuwa shan iska ba ne, amma da safiyar ta yi ita ta riga kowa shiga mota.

Ban taɓa ganin wuri mai shiru irin wannan ba. Jan rairayi ne shimfiɗe, da manyan duwatsu tsaye ɗaiɗai, kowanne an sassaƙe fuskarsa an fitar da ƙofa da ginshiƙai, a can sama kuma wasu matakala da ba sa kaiwa ko'ina. A kan wasu ƙofofin akwai gaggafa ta dutse da aka sare wa kai, da rubutun da ko Kawu bai iya karantawa ba. In ka leƙa ciki babu komai sai duhu da ramuka a bango, dogaye daidai kwanciyar mutum. Iska mai sanyi tana shiga ta fita tana wani irin gunji. Umma, mahaifiyata, ta ja mayafi ta rufe fuska, Baba yana tafe kansa a ƙasa yana istigfari, Kaka kuwa ta ce gwiwoyinta ba za su iya ba, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar mota. Ni da Bilal muka bi bayan manya muna matsa ido, amma ko ɗigo ya ƙi fitowa.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa Bilal ba. Da muka zagaya bayan wani dutse inda ba a ganinmu, na buɗe zamzamiyar na tsoma yatsa na ɗiga a idona, na bar shi ya gangaro kumatu. Bilal ya ce shi ma sai ya yi, na hana, ya fizga, na fizga. Gorar ta suɓuce ta faɗi a kife, kafin in ɗaga ta rairayi ya shanye komai. Kaka takan ce in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau, da na tuna da wannan da na je na faɗa mata gaskiya an wuce wurin. Amma faɗan Baba kawai nake hangowa. Can kusa da ɗakin mai gadi na ga 'yan bishiyoyin dabino, da injin da ke jawo ruwa daga rijiya, da bututu yana kwarara a gindinsu. Na ce wa Bilal in ya faɗa sai na gaya wa Baba ya yi dariya a cikin kabari. Na ruga na cika gorar, na goge ta da gefen rigata, na dawo kamar ba ni ba.

Da azahar muka taru wurin mota, Kaka ta miƙo hannu. Ta dafa ni ta miƙe tsaye, ta fuskanci alƙibla kamar yadda take yi duk lokacin da za ta sha zamzam, ta yi bisimilla ta kurɓa. Sai ta tsaya. Ta ɗan dube ni ta gefen ido, sannan ta mayar da gorar baki ta sha sauran numfashi biyun, ta yi hamdala ta zauna. Na ce a raina na tsira.

Bayan mun ci abinci Umma ta kunna ɗan murhun gas za ta dafa shayi, ta ga ruwan jarka ya yi ƙasa. Kawu ya ce ai ga bututu can, bari ya ɗebo. Nan Baba ya riƙe masa hannu. Ya ce ruwan wannan wuri ba a shansa, ba a alwala da shi, ba a girki da shi; ya ce magabata da suka yada zango a nan har ƙullin da suka kwaɓa da shi sai da aka sa su ba raƙuma. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya tambaya ko akwai wanda ya sha. Bilal ya sunkuyar da kai yana tonon rairayi. Ni kuwa mai kaza a aljihu, kunnuwana har ƙara suke yi.

"Mu da muka zo da zamzam ɗinmu?" in ji Kaka. "Ku dai da za ku sha shayi ku ji da kanku."

Daga nan gardama ta kaure tsakanin Baba da Kawu, irin ta surukai, ana yi ana ladabi. Kawu ya ce shi bai musa labarin Samudawa ba, amma waɗannan duwatsun kaburbura ne na wasu fatake masu safarar turare da suka zo daga baya, su suka haƙa rijiyoyin ma, bayansu kuma Rumawa suka karɓe garin suka zaunar da sojojinsu a ciki. Ya nuna ginshiƙan ya ce irin wannan ado daga can wajen Rum aka koyo shi. Baba ya ce ko Rumawa ne suka sassaƙa, ƙasar dai ita ce, kuma shi ba zai bar abin da ya ji a Harami ya kama abin da Turawa suka rubuta ba. Ba wanda ya ci wani. Aka haƙura da shayi aka naɗe tabarma. Muna fita ƙofar kuka ya ƙwace mini, na gaske, har da shessheƙa. Baba ya juyo ya shafa kaina ya ce wa Umma yarinyar nan tana da taushin zuciya, Allah Ya yi mata albarka. Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

A makaranta an koya mana cewa kwana uku aka ba Samudawa. Na ƙirga Juma'a, na ƙirga Asabar, ina leƙa ɗakin Kaka kafin in tafi da bayan na dawo. Ranar Lahadi ta tashi da zazzaɓi. Umma ta ce sanyin hanya ne, aka ba ta magani, ta ɗan warware har ta ɗauki azumin farko da mu. A rana ta biyar ga watan tana alwalar la'asar a tsakar gida ta faɗi, butar ta mirgina har gindin turmi. Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin jiki na dama. Kowa ya yarda da likita, ban da ni. Da aka dawo da ita gida bakinta ya karkace, kuma Larabcin da ta yi shekara sittin tana ciniki da shi a kasuwa ya tafi gaba ɗaya, sai na salla. In an yi mata magana da shi sai ta yi ta kallon mutum. Hausa kaɗai ta rage mata, ita ma a hankali take fitowa.

A wannan azumin na zama 'yar Rumawa. Lissafina na yarinta shi ne, in dai Kawu ne mai gaskiya, to rijiyar ta wasu ce, ruwan kuma ruwa ne kawai, ba ni na kwantar da Kaka ba. In kuwa Baba ne, to shi ke nan. Duk ranar da Kawu ya zo shan ruwa sai in tsare shi da tambaya: shekara nawa Rumawa suka yi a can, su ma sun sha daga rijiyar, me ya same su? Ya yi ta murna ya sami ɗaliba a gida. Ya kawo mini wani littafi mai hotunan sojoji masu hular ƙarfe da gine-gine masu ginshiƙai, ya ce su ba tsawa ce ta kashe su ba, zamaninsu ne ya ƙare kamar na kowa. Nakan ɓoye littafin a jakar makaranta, lokacin tara ƙawayena suna birbir ni ina jingine da bango ina gwada ginshiƙan hoto da waɗanda na gani. Wata rana su yi kama, in ji sanyi. Washegari in tuna maganar Baba, ƙasar dai ita ce, komai ya rushe. Na rame, na daina wasa, aka ce azumin da nake gwadawa ne. Bilal kuwa ya manta da zancen tun a hanya, har haushinsa nake ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har a lokacin ba ta yarda kowa ya ba ta ruwa sai ni. In Umma ta kawo cokali sai ta datse baki ta juya ido tana nemana. Haka zan durƙusa in tsiyaya zamzam daga gorar nan in ɗiga mata. Na ji manya suna magana ƙasa-ƙasa cewa jikin ba ya ci gaba, na san in zan faɗa mata to yanzu ne, kuma da Hausa, tunda ita kaɗai take ji. Kwana biyu ina haɗa jimlar a soro wurin tantabaru, ba wanda zan tambaya ko daidai ce.

Ranar ashirin da uku ga azumi, bayan la'asar, Umma tana kicin tana suyar sambusa, Baba bai dawo daga shago ba. Na shiga da gorar na durƙusa. Ɗakin yana warin man zafi da turaren wuta. Na ba ta cokali ɗaya, na ajiye, na ce, "Kaka, ranar Mada'in, na zuba zamzam."

Na zaci ba ta ji ba. Sai na ji gyaran muryar nan.

"Zubarwa kika yi, Uwata," in ji ta, tana jan kalmomin ɗaya-ɗaya. "Zubawa daban. Kin zubar da zamzam, kin zuba na rijiya."

Ashe tun kurɓar farko ta sani. Matar da ta yi shekara sittin tana shan zamzam ce zan yi wa musaya? Na kifa kaina a kan katifarta ina kuka, ina tambayarta da Hausa da Larabci a cakuɗe me ya sa ta sha, me ya sa ta rufa mini asiri, ina cewa ni na jawo mata wannan ciwo. Ta ɗora hannunta mai lafiya a ƙeyata. Da ƙyar na tsinci abin da take cewa. Ta ce a hanyar Makka ta sha ruwan da jaki ya sunsuna ya kau da kai, mahaifiyarta ce take tace mata da bakin zane ta miƙa mata, ga ta nan har ta ga jikoki. Ta ce lokacin da ta sha ba ta san an hana ba, da ta sani kuma ta yi istigfari, Allah ba Ya kama mai rashin sani, balle yarinya.

"Ajalina ba a gora yake ba," in ji ta. "Ba ni ruwa."

Na ba ta. Ta sha cokali uku.

Kwana huɗu bayan ƙaramar salla ta rasu, da hantsi. Aka kai ta Harami aka yi mata salla bayan azahar, aka binne ta a Baƙi'a, abin da ta taso tun daga Damagaram tana roƙo. Mu mata muna gida. Na hau soro na zauna da zamzamiyar a cinyata har maza suka dawo. Zan so in ce maganarta ta wanke mini zuciya tas, amma ƙarya zan yi. Ta rage mini nauyin ne kawai. Na yi shekaru in na ga an ambaci Samudawa a karatu sai in tuna gorar nan. Baba kuwa har ya koma ga Allah ban gaya masa ba, ya tafi yana ba mutane labarin 'yarsa mai taushin zuciya da ta yi kuka a Mada'in.

Shekarun baya kaɗan na koma can da 'ya'yana biyu. Yanzu ba a neman takardar izini, a waya ake yankar tikiti, manyan motoci masu sanyi ke zagayawa da baƙi daga ko'ina, ana ɗaukar hoto ana dariya a bakin ƙofofin da muka bi muna matsa ido. Wata budurwa mai yi wa baƙi bayani ta ce masu tono sun sami dutse da rubutun Rumawa a tsakiyar tsohon garin, shaidar sun zauna sun yi mulki a nan. Da na dawo na gaya wa Kawu, wanda yanzu sai da sanda, ya yi ta dariya yana cewa ina ma Baba yana raye. Ni kuwa na ji labarin da na yi azumi guda ina roƙon in ji, bai ƙara mini komai ba, bai rage ba. Na nemi ɗakin mai gadi da 'yan dabinon nan ban gane wurin ba. Ruwan roba ake sayarwa, kowa yana tafe da nasa.

Zamzamiyar tana nan a ƙasan akwatina, rigarta ta koɗe, igiyar ta tsinke. Turmin an bar wa maƙwabta da muka tashi daga Aziziyya, ba wanda ke daka a gidana. 'Ya'yana suna jin "zo" da "tafi" da "ci abinci", iyakar Hausarsu ke nan, in na yi musu ita sai su amsa da Larabci kamar yadda na yi wa Kaka. Yanzu ni ce mai Hausa a gidan, in na karya ta babu wanda ya sani. Wani lokaci ina aiki a kicin nakan ce "na zuba" inda ya kamata in ce "na zubar", da gangan. Sai in tsaya in saurara, ko zan ji gyaran murya.